Cima Bayan Cire Babban Hanji: Tarihin Jakar Cikin Ciki daga 1913 zuwa 2023

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin wani aikin fiɗa da likitocin Turai da Amurka da Japan suka yi ta gyarawa cikin ƙarni na ashirin, watau aikin cire babban hanji ɗungurungum, sa'an nan a ɗinka wa majiyyaci jaka daga ƙaramin hanjinsa a cikin cikinsa, domin ya ci gaba da zagayawa ta hanyar da ya saba. Galibin masu rubuta tarihin wannan aiki sukan tsaya ne a kan gwanayen fiɗa da irin ɗinkin da kowannensu ya ƙago. Mu kuwa za mu mai da hankali ga abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti, watau abin da mai jakar zai ci, da abin da zai sha, da yadda shawarar masana game da haka ta yi ta canzawa daga zamani zuwa zamani.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, babban hanji da dubura suna da ayyuka biyu manya: tsotse ruwa da gishiri daga ragowar abinci, da kuma adana bayan gida har lokacin da mutum ya ga damar fitar da shi. Jakar da likitoci suka ƙago ta gaji aiki na biyu, amma ba ta gaji na farko ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka aikin da wuƙa ta ɗauke ya komo kan akushi da moɗa. Tarihin cimar masu jaka, a ganinmu, tarihi ne na yadda aka gano wannan giɓi sannu a hankali, da yadda aka tashi daga jera wa majiyyaci abubuwan da aka hana shi, aka komo ga aunawa da gwadawa.

2.0 AIKIN BABBAN HANJI DA DALILAN CIRE SHI

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu san gaɓar da ake magana a kanta. Ƙaramin hanjin baligi ya kai tsawon kimanin mita 6, kuma a cikinsa ne ake narkar da abinci a tsotse amfaninsa. Babban hanji kuwa bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Kowace rana kimanin lita ɗaya da rabi ta ruwa-ruwan abinci takan gangaro cikinsa daga ƙaramin hanji, shi kuma ya tsotse mafi yawanta ya mayar wa jiki, har abin da ke fita cikin bayan gida bai fi mililita 100 zuwa 200 na ruwa ba. Tare da ruwan yakan ƙwato gishiri. Bugu da ƙari, a cikinsa ne ɗimbin ƙwayoyin bakteriya suke zaune suna ruɓar da ɓangaren tsirrai da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa, kamar dusa da ɓawon wake da jijiyar ganye, abin da za mu riƙa kira zaren abinci a wannan takarda.

Cututtuka biyu ne suka fi jawo a cire wannan gaɓa baki ɗaya. Ta farko ita ce gyambon babban hanji, cutar da ke sa fatar cikin hanjin ta kumbura ta yi miki, mai ita ya yi ta gudawa da jini. Likitan Landan Samuel Wilks ne ya bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta a shekarar 1859, ya raba ta da atuni irin wanda ƙwayoyin cuta ke kawowa. An samo mata magunguna daga baya: Nanna Svartz ta birnin Istokholm ta fito da salfasalazin a farkon shekarun 1940, Truelove da Witts kuma suka nuna amfanin kotizon a Ingila a 1955. Duk da haka akwai waɗanda magani ba ya riƙe su, ko kuma hanjin ya fara rikiɗa zuwa sankara bayan shekaru, sai fiɗa.

Ta biyu cuta ce ta gado, inda ɗaruruwan ƙananan tsiro ke fitowa a fatar cikin babban hanji tun mutum yana saurayi, kuma in an bar su kusan tabbas ne wani zai zama sankara kafin ya manyanta. Asibitin St Mark's na Landan, wanda aka kafa a 1835 domin cututtukan dubura, ya fara ajiye rajistar iyalan da ke da wannan cuta a 1924, kuma a 1991 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta. Ya kamata a lura cewa masu waɗannan cututtuka biyu galibi matasa ne, masu shekara ashirin zuwa arba'in. Wanda aka yi wa aiki yana da shekara 25 yana iya yin shekara 50 yana zaune da sakamakonsa, sau uku ko fiye kowace rana a gaban kwano.

3.0 ZAMANIN ƘOFAR BANGON CIKI

Dabarar farko da aka yi ita ce a huda bangon ciki a fito da bakin ƙaramin hanji waje. A 1913 John Young Brown na birnin St Louis a Amurka ya ba da shawarar yin haka domin a hutar da babban hanji mai ciwo. Amma rayuwa da irin wannan ƙofa a wancan zamani azaba ce. Ruwan da ke fitowa daga ƙaramin hanji yana ɗauke da ruwan matsarmama da sinadaran narkar da abinci, saboda haka yakan ci fatar ciki kamar wuta, ga shi kuwa babu wata jaka mai kama jiki da za ta tare shi. Har ila yau bakin hanjin da aka bari a tsirara yakan kumbura ya tsuke, ciki ya yi ta zubar da ruwa mai yawa, majiyyaci ya bushe. Don haka likitoci ba su kai wa ga wannan aiki sai rai ya kai ga maƙogwaro.

Abubuwa uku suka sauya wannan hali cikin shekarun 1950. A 1952 Bryan Brooke na birnin Bamingham ya nuna cewa in aka naɗe bakin hanjin kamar yadda ake naɗe hannun riga, aka ɗinke shi da fata nan take, kumburin ba ya faruwa, kuma ruwan yakan zuba cikin jaka ba tare da ya taɓa fata ba. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a ƙasar Denmak, Elise Sørensen, wadda aka yi wa 'yar'uwarta irin wannan ƙofa, ta ƙago jakar roba mai manne wa fata wadda ake yarwa bayan amfani, kuma a kan wannan dabara aka kafa kamfanin Coloplast a 1957. Na uku, majiyyatan da kansu suka fara haɗa kai. An kafa ƙungiyarsu a Biritaniya a 1956 da goyon bayan Brooke, a birnin Kilibland na Amurka kuma Norma Gill, wadda ita ma an cire mata babban hanji, ta fara aiki da likita Rupert Turnbull a 1958 tana koya wa sababbin majiyyata yadda za su kula da kansu.

Wannan batu na uku yana da muhimmanci ga tarihin cima. Shawarar asibiti a lokacin ita ce abin da ake kira cima mai ƙarancin saura: farin burodi da shinkafa da ƙwai da nama mai laushi, ban da ɗanyen ganye, ban da 'ya'yan itace masu ɓawo, sau da yawa ban da madara ma. Hujjar hana madara ba ta da ƙarfi sosai, domin gwajin da Wright da Truelove suka yi a Okusfod a 1965 ya nuna cewa kaɗan ne daga cikin masu gyambon hanji ke amfana da barinta. Amma a tarurrukan ƙungiyoyin majiyyata ne aka tara sani na zahiri: wane abinci ke kaurara abin da ke fita, wanne ke tsinka shi, wanne ke kawo iska, wanne ke toshe hanya. Jerin da ma'aikatan jinya ke ba masu jakar ciki a yau, akasarinsa gado ne daga waɗannan masu jakar waje.

4.0 HAIHUWAR JAKAR CIKI

Ko da ƙofar Brooke ta ceci rayuka, matasa da yawa ba su yarda su rataya jaka a ciki har abada ba, wasu ma sukan ƙi fiɗa har cuta ta ci ƙarfinsu. Tun da daɗewa akwai masu neman wata hanya. Rudolf Nissen ya haɗa ƙaramin hanji da dubura kai tsaye a Balin a 1933, Ravitch da Sabiston kuma suka gwada haka a Baltimo a 1947, suna kankare fatar cikin dubura mai ciwo, suna barin tsokar da ke tsuke ta. Matsalar ita ce babu wurin ajiya. Ruwa na gangarowa dare da rana, majiyyaci ba ya rabuwa da makewayi, ba ya kuma samun barci.

Nils Kock na birnin Gotenbag a ƙasar Suwidin shi ya buɗe ƙofar mafita a 1969. Ya nuna cewa in aka tsaga ƙarshen ƙaramin hanji aka ninka shi aka ɗinke, motsin ɓangarorin yakan kashe juna, sai a sami jaka mai karɓar ruwa ba tare da matsa shi waje ba. Jakar Kock tana bayan bangon ciki ne, kuma da bututu ake kwashe ta ta wata ƙaramar ƙofa. Abin da ya rage shi ne a haɗa dabarar Kock da ta Ravitch, kuma Alan Parks da John Nicholls na asibitin St Mark's su suka yi haka, suka buga sakamakonsu a 1978. Jakarsu ninki uku ce, mai siffar harafin S, kuma an ɗinke ta da dubura. Aibinta shi ne ɗan hanjin da ya saura tsakanin jaka da dubura yakan yi tsawo, har wasu majiyyata ba su iya fitar da bayan gida sai da bututu.

A 1980 Joji Utsunomiya na birnin Tokiyo ya kawo jaka mai ninki biyu, mai siffar harafin J, kowane reshe kimanin santimita 15 zuwa 20, wadda gindinta ke zaune daidai kan dubura. Ta fi sauƙin ɗinki, tana kuma fitar da abin da ke cikinta ba tare da bututu ba. Nicholls ya gwada mai ninki huɗu, mai siffar W, a tsakiyar shekarun 1980 domin ƙara mata ciki, amma ta Utsunomiya ce ta yi rinjaye, kuma ita aka fi yi a duniya har yanzu. Yawanci akan yi aikin ne hawa biyu ko uku, a bar wa majiyyaci ƙofar wucin gadi a bangon ciki na wata biyu zuwa uku domin ɗinki ya warke, sa'an nan a rufe ta.

Sakamakon aikin ya tabbata da kyau. A 2013 likitocin Kilibland suka ba da rahoton majiyyata 3,707, inda jaka ta gaza ga kimanin 5 cikin 100 kawai. Amma nasara a bakin likita tana da ma'anarta. Mai jakar da ta zauna lafiya yakan zagaya sau 5 zuwa 7 a yini da dare, sau da yawa har da tashi ɗaya cikin dare, kuma abin da ke fita kamar kunu mai kauri yake. A watannin farko adadin yakan wuce 10 kafin jaka ta buɗe ta saba. Tsakanin sau 5 da sau 10 akwai bambancin mai iya riƙe aikin ofis ko tafiyar mota da wanda ba ya iyawa, kuma a nan ne cima ta shigo.

5.0 MATSALOLIN CIMA

5.1 Ruwa da Gishiri

Wanda ba shi da babban hanji yakan zubar da ruwa rabin lita zuwa kusan lita ɗaya kowace rana ta bayan gida, kuma kowace lita tana tafiya da gishiri kimanin giram 6 zuwa 7. Ƙoda takan yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar rage fitsari da riƙe gishiri, shi ya sa fitsarin irin waɗannan mutane kan yi kaɗan ya yi kauri, tsakuwar ƙoda kuma ta fi yawa a cikinsu. In zazzaɓi ko gudawa ko zafin rana ya ƙaru a kan wannan, mutum yana iya bushewa cikin sa'o'i kaɗan. Alamunsa su ne ƙishirwa da kasala da jiri in an miƙe tsaye da ɗaurewar tsoka.

Abin mamaki, maganin wannan matsala daga fagen yaƙi da kwalara ya fito. A 1960 masanin Amurka Robert Crane ya bayyana a wani taro a birnin Farag cewa ƙaramin hanji yana tsotse sukarin gulukos da gishirin sodiyam ne tare, ta ƙofa ɗaya, ruwa kuma ya bi su. A 1968 David Nalin da Richard Cash da abokan aikinsu suka nuna a Dakka cewa ruwan gishiri da sukari da aka sha ta baki yana rage buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya ga masu kwalara. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon a Indiya, mace-mace suka sauko daga kimanin 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirinta na yaƙi da gudawa a 1978, shekarar da Parks da Nicholls suka buga aikinsu. Wannan shi ne ruwan gishiri da sukarin da iyaye mata a ƙasashenmu suka sani ana ba yaro mai gudawa.

Likitocin St Mark's sun tsara nasu haɗin domin masu zubar da ruwa da yawa ta hanji: giram 20 na gulukos, giram 3.5 na gishiri, da giram 2.5 na sodar bikabonet, a cikin lita ɗaya ta ruwa, a riƙa kurɓa cikin yini. Hikimar da ke ciki ta saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. In mai zubar da ruwa da yawa ya yi ta kwankwaɗar ruwa tsura, gishiri yakan fito daga jini ya shiga hanji domin ya daidaita ruwan, sa'an nan duka su fice, ƙishirwa ta ƙaru. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi ƙwarai su ma sukan jawo ruwa cikin hanji. Mai jakar da ke zaune lafiya yana shan ruwansa kamar kowa, lita 2 ko fiye, yana kuma ɗan ƙara gishiri a abinci in ba shi da wata cutar da ta hana. Amma ranar da ciki ya tsinke, ruwan gishiri da sukari shi ne abin nema.

5.2 Zaren Abinci da Lokacin Ci

A daidai lokacin da ake ƙago jaka, ra'ayin likitoci game da zaren abinci ya juya. Denis Burkitt, wanda ya yi shekaru yana fiɗa a asibitin Mulago na Kampala a Yuganda, ya lura cewa sankarar babban hanji da wasu cututtukan hanji da suka addabi Turawa ba su da yawa a karkarar Afirka, kuma a 1971 ya danganta haka da yawan dusa da ganye a cimar mutanen karkara. Cikin ɗan lokaci dusar da ake hana majiyyata ta zama abin da ake yi musu wasiyya da ita. Sai dai mai jaka bai shiga wannan lissafi kai tsaye ba, tun da gaɓar da Burkitt ke son karewa an riga an cire masa ita.

Da aka bincika, sai aka ga zaren iri biyu ne. Akwai mai narkewa cikin ruwa ya yi yauƙi ko kauri, kamar na ayaba da alkamar Turawa da ake kira ot da ɓawon irin siliyam, wanda ke kama ruwa ya daskarar da bayan gida. Akwai kuma mai tauri, kamar ɓawon masara da gyaɗa da kwakwa da jijiyar lemo da ɗanyen kabeji, wanda ke wucewa yadda ya shiga. Irin wannan na biyun yana iya cunkushewa a inda hanji ya tsuke saboda tabon fiɗa, ciki ya murɗa ya kumbura, amai ya biyo baya. Don haka ake cewa a makonni 6 zuwa 8 na farko a tsaya ga abinci mai laushi, daga nan a riƙa shigo da sabon abu ɗaya-ɗaya, kaɗan-kaɗan, a tauna shi sosai. Shinkafa da dankali da taliya da farin burodi da nunanniyar ayaba su ne aka sani da kaurarawa. Gahawa da giya da kayan zaƙi da soye-soye sukan tsinka. Wake da albasa da kabeji sukan kawo iska, barkono kuwa yakan ƙona dubura wajen fita. Ya kamata mu faɗa cewa mafi yawan wannan jeri daga bakin majiyyata aka tattara shi, kuma abin da ya dami wani ba lalle ne ya dami wani ba.

Gwaji na tsari ya zo daga Ostireliya. A 2005 Peter Gibson da Susan Shepherd na Jami'ar Monash suka ware wasu nau'o'in sukari da ƙaramin hanji ba ya tsotsewa sosai, waɗanda ke cikin albasa da tafarnuwa da alkama da wake da madara da zuma da mangwaro, suka nuna cewa suna jawo ruwa cikin hanji, bakteriya kuma su mai da su iska. A 2007 aka gwada rage su ga mutum 15 marasa babban hanji. Da dama daga cikin waɗanda jakarsu ke lafiya sun sami raguwar zagayawa, amma masu kumburin jaka ba su amfana ba.

Lokacin ci ma yana da nasa tasiri, domin shigar abinci tumbi yakan motsa hanji duka. Wanda ya ci babban abincinsa da rana, ya sassauta na dare, ya kuma bar sa'o'i uku ko huɗu tsakanin cin ƙarshe da kwanciya, ya fi samun barci. Ƙin cin abinci domin gudun makewayi kuwa ba dabara ba ce, domin hanjin da babu kome a ciki yakan tara iska da ruwa mai ƙuna. Ga waɗanda cima kaɗai ba ta ishe su ba akwai maganin lofaramid, wanda kamfanin Janssen ya haɗa a Beljiyam a 1969, mai rage saurin hanji ya ba shi damar tsotse ruwa. Akan sha shi kafin abinci da kuma lokacin kwanciya bisa umurnin likita.

5.3 Kumburin Jaka da Bakteriya

Babbar matsalar da ta bayyana bayan jaka ta yaɗu ita ce kumburinta. Alamunsa su ne ƙaruwar zagayawa da matsuwa da murɗar ciki, wani lokaci da jini ko zazzaɓi. Kusan rabin waɗanda aka yi wa jaka saboda gyambon hanji sukan gamu da shi aƙalla sau ɗaya, amma ba shi da yawa ga masu cutar tsiro ta gado. Haka kuma ba ya cika tasowa sai bayan an rufe ƙofar wucin gadi bayan gida ya fara zama cikin jaka, kuma magungunan kashe bakteriya irin su metronidazol da sifurofuloksasin sukan kwantar da shi. Waɗannan hujjoji suka nuna cewa rikici ne tsakanin garkuwar jikin majiyyaci da bakteriyar da suka tare a sabon mazauni.

An kuma lura cewa fatar cikin jaka takan rikiɗa sannu a hankali ta yi kama da ta babban hanji. Tun 1980 Roediger ya nuna a Okusfod cewa fatar babban hanji tana samun mafi yawan abincinta ne daga wani sinadari mai suna butiret, wanda bakteriya ke samarwa in sun ruɓar da zaren abinci. Ke nan mai jakar da ya guje wa zare baki ɗaya domin ya rage zagayawa, yana iya hana fatar jakarsa abinci. A 2002 wani gwaji a ƙasar Holan ya ba mutum 20 giram 24 na zaren inulin kowace rana har mako uku, aka ga butiret ya ƙaru, alamun kumburi sun ragu. A 2019 masu bincike a Isra'ila suka ba da rahoton cewa masu jakar da ke ƙarancin cin 'ya'yan itace sun fi kamuwa da kumburi cikin shekara guda, kodayake irin wannan bincike dangantaka yake nunawa, bai kai ga tabbatar da sanadi ba.

An kuma gwada shayar da bakteriya masu amfani. A 2000 Paolo Gionchetti da abokan aikinsa a Bolonya ta Italiya suka raba masu yawan kumburi 40 gida biyu. Cikin wata 9, kumburi ya komo wa mutum 3 daga 20 da suka sha haɗin bakteriyar, ya kuma komo wa dukan 20 da ba su sha ba. Sakamakon da aka samu a wasu wurare daga baya bai kai wannan kyau ba. Ga waɗanda kumburinsu ya ƙi jin maganin bakteriya, gwajin da aka buga a 2023 a kan mutum 102 ya nuna cewa allurar bedolizumab ta kwantar da cutar ga 31 cikin 100 a mako na 14, alhali 10 cikin 100 ne suka sami haka ba tare da ita ba. Daɗin daɗawa, tun da ƙarshen ƙaramin hanji, wanda da shi ake ɗinka jaka, shi ne wurin tsotse bitamin B12, kuma kumburi na iya jawo ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, akan shawarci masu jaka su riƙa gwajin jini lokaci-lokaci.

6.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda aka tashi daga ƙofar Brown ta 1913, aka bi ta kan naɗin Brooke da jakar Kock, har aka iso ga jakar Parks da ta Utsunomiya. Mun kuma ga cewa kowane mataki na fiɗa ya bar wa majiyyaci aikin da babban hanji ke yi, na ƙwato ruwa da gishiri da ciyar da bakteriya. Ilmin da ake cike wannan giɓi da shi ya fito daga wurare mabambanta: daga ƙungiyoyin majiyyata na shekarun 1950, daga sansanonin kwalara na Bengal, daga asibitin Kampala, da kuma ɗakunan bincike na Okusfod da Monash.

Matsalar da ta rage a gaban masana ita ce, abincin da ke rage zagayawa a daren yau, watau farar shinkafa da farin burodi, ba shi ne ke ciyar da fatar jaka ba, wanda ke ciyar da ita kuwa, watau 'ya'yan itace da ganye da wake, yakan ƙara ruwa da iska. Saboda haka masana cima a yau sun bar dogon jerin hani na dindindin. Abin da suke koyarwa shi ne taƙaitawa na ɗan lokaci bayan fiɗa, sa'an nan faɗaɗawa a hankali, majiyyaci yana rubuta abin da ya ci da abin da ya biyo baya, abin da ya ƙi shi a wata na biyu ya sake gwada shi a wata na shida. In zagayawa ta ƙaru haka kawai ta ƙi sauka, sai a nemi likita ya duba jakar kafin a ɗora wa abinci laifi.